Alhaji, Ga Difilomar, Ina Kujerar?

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin sayen hatsi da ajiya da ke kan hanyar Malumfashi, Funtuwa, ta hannun duk wanda ya karanta ya kai masa labari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da dukan jama'ar gida. Yaya ƙafar nan da ke damunka in sanyi ya shigo? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya kuma kasuwa? Wannan ba sai ka amsa ba, ni nake zuwa kasuwar, na san yadda take.

Saboda waɗanda za su karanta ba su san ni ba, sunana Hamisu, mutumin Tsiga, wanda aka fi sani da Hamisu Masara. Ni ne mai sayo wa kamfanin Alhaji hatsi a ƙauyuka. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina kan babur tsakanin Ɗandume da Kafur da Bakori, da wasu ƙauyukan da sai ka ɗauki babur ɗin a ka kafin ka isa. Ina soka buhu, ina tauna ƙwaya in ji ko ta bushe, ina ciniki da manoma. Haƙorana na gefen dama duk a aikinka suka ƙare.

Na so a yi wannan magana a ofis, daga ni sai kai. Na zo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum amsarka guda ce: "Hamisu, za mu zauna." To ni dai na zauna, ranka ya daɗe, a bencin ƙofar ofishinka, har maigadi ya ware mini nawa kofin shayi. Kai ne har yau ba ka zauna ba. Tun da kuwa a bainar jama'a ka yi maganar da ta jefa ni cikin wannan hali, na ga ya dace ni ma in kawo kukana a bainar jama'a. Na jera shi ɗaya bayan ɗaya, don haka aka koya mana a makaranta.

Na farko, abin da ka faɗa da bakinka.

Damina huɗu da suka wuce, bayan an gama kaka, ka dawo daga wani taron 'yan kasuwa a Abuja da sabon tabarau, ka tara mu a gaban babban sito. Ka ce za ka buɗe reshe a Malumfashi. Kowa ya juyo ya dube ni, don an san ba wanda ya kai ni daɗewa, ba kuma wanda ya san manoman wannan yanki kamar ni. Na sunkuyar da kai ina murmushi irin na ango. Sai ka gyara tabarau ka ce: "Zamani ya canza. Daga yau ba mai hawa kujerar manaja a kamfanin nan sai mai takardar babbar makaranta, ko da difiloma ce. Hamisu, da kai nake. Kawo takarda, kujera taka ce."

Ina da shaidu. Direbobi sun ji, 'yan dako sun ji, har mai rake da ke bakin ƙofa ya ji, domin shi ne ma ya fara tafi.

Ni kuwa rabona da aji tun kafin a san waya a aljihu. Da na koma gida na gaya wa matata Hajara, ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta gama share hawaye ta ce: "In takarda Alhaji yake so, ka kai masa takarda. Mutumin da ya yi kokawa da dillalan Ɗandume, biro ne zai gagare shi?" Wannan magana tata ita ta cuce ni.

Na biyu, abin da na yi saboda maganarka.

Na sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗata guda biyu, na sayi gurbin karatu na ƙarshen mako a wata kwaleji, sashen noma da ajiyar amfanin gona. Ka san sa ɗaya ba ya huɗa. Wanda ya rage ɗin tun daga ranar bai sake yi mini kallon arziki ba. In na shiga turke sai ya juya mini baya.

Ranar rajista aka ba ni takarda in cike, na tarar da wurin da aka rubuta sunan mahaifi ko mariƙi da lambar wayarsa. Na ce wa ma'aikacin mahaifina ya rasu, kuma ni ne mariƙin mutum goma sha wani abu. Ya ce shi dai kwamfuta ba ta karɓar takarda da gurbi a buɗe. Sai na rubuta sunan Hajara. Ashe duk sakamakon jarrabawa ga wayar mariƙi ake turawa. Hajara ba ta karanta Turanci, don haka duk saƙon da ya shigo sai ta kai wa mai kemis na bakin layinmu ya karanta mata, shi kuma mai kemis ba ya iya karatu a zuci. Haka aka yi shekara uku unguwarmu tana sanin makina kafin ni.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar jarrabawar ita ce ranar farko da na shiga aji na hangi 'yata ta fari a layin gaba. Na san ta samu gurbin karatu a kwalejin, ita ma ta san na samu, amma ba wanda ya tambayi wani sashe, domin ni da ita ba ma doguwar hira. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, kai ka san al'ada, 'yar fari ce. Tun da aka haife ta sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ita ma ba za ta kama sunan ubanta ba ko za a yanka ta.

To sai ga shi 'yan aji sun zaɓe ta shugabar aji, kuma ita ke kiran suna. Tana tafiya daidai, wane, wance, har ta iso kaina. Ta tsaya. Can ta ce, da murya kamar ta sauro: "Baba." Na ce: "Na'am." Shi ke nan. Daga ranar na zama Baban kwaleji gaba ɗaya. Malamin da ke koya mana ilimin ƙasa, wanda na tabbata na girmi uwarsa, yakan ce: "Baba, ina aikin gidanka?" Ranka ya daɗe, ba ka san ɗaci ba sai yaro ya kira ka Baba da ladabi sannan ya kore ka waje.

Wata rana wani malami ya raba mu rukuni-rukuni, ya tambaye ni wa ke shugabantar namu. Na nuna ta da haɓa. Ya ce in faɗi suna. Na ce Malam ya duba takardarsa. Ya ce shi daga bakina yake son ji, ko ban san sunan shugabata ba? Na ce na sani, ni ne ma na yanka mata ragon suna. Aka yi ta dariya har malamin ajin kusa ya leƙo. Maki biyu ya rage mini, wai rashin haɗin kai.

Kuma duk sanda fitsari ya kama ni, wanda a shekaruna ba ya jiran a tashi, wurinta nake neman izini.

Na uku, wahalar karatun kansa.

Jarrabawar farko a kwamfuta aka yi ta. Ni ban taɓa zama gaban kwamfuta ba sai dai in goge wa akawunka ƙura a kan tasa. Aka ba ni wani abu mai wutsiya aka ce da shi zan nuna amsa. Ina taɓa shi kibiyar da ke kan fuskar kwamfutar ta gudu ta ɓuya a kusurwa. Na bi ta, ta sake gudu. Da ƙyar na tare ta a kan wani wuri ja, na ce to yau na kama ki, na danna da ƙarfi. Sai kwamfutar ta yi mini godiya. Na ji daɗi, na ce ashe tana da tarbiyya. Mai tsaron jarrabawa ya zo ya duba ya ce: "Baba, ai ka gama." Na ce ban fara ba. Ya ce a wurinta na gama. Ni ne ɗalibin da ya fi kowa saurin kammala jarrabawa a tarihin sashenmu, kuma kafin in isa gida mai kemis ya riga ya sanar.

Turanci kuwa sai da na maimaita shi. Ba wai ban iya ba ne. Na yi ciniki da masu gidajen kaji daga kudu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa cewa bai gane kuɗinsa ba. Amma Turancin makaranta wani iri ne, ba a son ka faɗi abin da kake nufi, ana son ka faɗi inda aikatau yake.

Inda na sa rai zan rama shi ne gonar gwaji. Aka yanka wa kowane ɗalibi ɗan fili ya shuka masara. Na ce to yara, yau za ku ga noma. Malama mai kula da gonar ta ce a sa ƙwaya ɗaya a kowane rami, a matse tazara, a binne taki kada a watsa. Na yi dariya a raina. Ƙwaya ɗaya? In tsuntsu ya tone fa? Na zuba uku-uku, huɗu-huɗu, yadda na gada, na watsa taki kamar mai rabon goro. 'Yata ta bi abin da aka ce, har da igiya da ma'auni, ina kallonta ina tausaya mata. Da kaka ta yi, ranka ya daɗe, masararta kowace kamar damtsen ɗan dambe, tawa kuwa kamar yatsun mai jego. Aka jera su a kan tebur, kowa da sunansa a jiki. Manomi ɗan manomi, na samu maki na tsakiya a noma. Hajara ta dafa nata ta dafa nawa a tukunya ɗaya, kuma ba wanda ya yi wahalar gane wacce ce ta wa.

Sai aikin bincike na ƙarshe, inda aka ba mu tambayoyi a takarda aka ce mu je mu yi wa manoma. Na nufi wani ƙauye bayan Kafur wurin abokina Nomau, Bamagujen nan da ke sayar mana da dawa tun zamanin da kamfanin nan yake shago ɗaya. Ka san shi, shi ne ya taɓa jawo motarka da shanunsa daga cikin laka. Na same shi a gindin ɗorawa, muka gaisa, na fito da takarda na gyara murya. Malaminmu ya ce dole a karanta kowace tambaya yadda take, ba tsallake. Na ce: "Sunanka?" Ya dube ni. Na ce: "Namiji ne kai ko mace?" Ya ajiye igiyar da yake tufka. Na ce: "Sana'arka?" Alhali muna zaune tsakanin rumbunansa. Sai ya miƙe a hankali ya leƙa cikin gida ya kira matarsa ya ce: "Ki jiƙo maganin nan na ciwon kai. Abin ya taɓa Hamisu." Na rantse masa lafiyata lau, makaranta ce. Ya ce ai ya sani, haka ta yi wa ɗan ƙanensa. Sai da na sha maganin kafin ya yarda ya amsa sauran, kuma ɗacinsa bai bar harshena ba har na iso Malumfashi.

Duk wannan ban fasa aikinka ba ko sau ɗaya. Litinin zuwa Juma'a ina kan babur, Asabar da Lahadi ina kan benci. Bikin 'yan'uwa nawa na rasa, suna nawa, har dangi suka fara cewa Hamisu ya zama Bature.

Na huɗu, ranar da na kawo takardar.

Allah da ikonsa na gama. 'Yata ta fito ta ɗaya a aji, ni ma na fito. Aka ba mu hayar rigar yaye ɗalibai, baƙa mai nauyi, da wata hula mai kama da faranti da igiya tana reto. Na ɗora ta a kan babbar rigata, a tsakiyar zafin bazara. Ana tashi daga taro ban tsaya ɗaukar hoto ba, na hau babur da rigar da hular, na ɗaure takardar a ƙirji, na kama hanya. Rigar ta cika da iska ta baje ta baya. Yara suka bi ni da ihu, wata tsohuwa mai tallar daddawa ta yi salati ta tsallaka kwata. A shingen hanya wani jami'in tsaro ya daɗe yana kallona, sannan ya sara mini, ina jin ya ɗauka alƙali ne.

Aka ce mini kana sabon reshen Malumfashi. Na isa, na shiga da sallama, gumi yana zuba har cikin takalmi. Na same ka a tsaye. Na kuma sami kujerar, mai juyi, baƙa, da ledarta ba a gama cirewa ba. A kanta Nasiru ne, ƙanen Hajiya, yana juyawa hagu da dama yana danna waya.

Na miƙa maka takardar da hannu biyu. Ka karɓa, ka juya ta, ka ce ma sha Allah, takardar tana da kauri. Sannan na tambayi kujera. Ranka ya daɗe, ga abin da ka ce, ban ƙara ko wasali ba: "Haba Hamisu, ai takarda ba ita ce aiki ba. Ni wace makarantar na yi? Dubi inda Allah ya kai ni. Nasiru yaro ne mai basira."

Nasiru, wanda kowa ya san a aji biyar na sakandare ya yi sallama da malamai, su ma suka yi hamdala.

Igiyar hular ce kawai take ta shiga mini ido, shi ya sa ka ga ina share fuska.

Na biyar, abin da takardar ta jawo mini tun daga nan.

Da can ni mai sayen hatsi ne, ina da mutuncina. Yanzu sunana Furofesa. 'Yan dako in sun gan ni sai su ƙame su cire hula. Duk wanda zai rubuta takardar neman hutu, ni. Duk wanda aka turo wa saƙon Turanci daga banki, ni. Maigadi ya kawo mini takardar asibitin surukarsa in fassara masa. Da na ce ni noma na karanta, ya ce to me aka koya mana ke nan?

A kasuwa kuma manoma sun ƙara mini farashi. Wani a Ɗandume ya ce ai yanzu ni babban ma'aikaci ne, bai kamata a ji ni ina jayayya a kan mudu ba. Shekara ashirin ina taya kaya ba wanda ya ce na zubar da girma, sai da na yi difiloma.

Mafi ciwo, duk rahoton da reshen Malumfashi ke aiko maka a ƙarshen wata, wanda kake yabawa a gaban mutane kana cewa ka ga aikin yaran zamani, ni nake rubuta shi. Nasiru yakan kira ni ya ce: "Baba Furofesa, a taimaka a zuba mana Turancin nan." Ina rubutawa a tsaye, a kan buhun waken suya, shi yana kan kujera yana juyi. Wato an raba aikin manaja gida biyu, ni na ɗauki aikin, shi ya ɗauki manajan.

Na shida, gaskiyar da ba zan ɓoye ba.

Ba na so a ce Hamisu ya rubuta wasiƙa don hassada. Nasiru ba wawa ba ne. Yaron nan da wayarsa ya samo mana masu gidajen kaji da ni ban taɓa jin sunan garuruwansu ba. Yana da baki, yana da fara'a, in ya yi wa mutum dariya sai ya sayi abin da bai zo saye ba. Ba a makaranta ya koyo wannan ba, kuma ba makarantar da ke koyar da shi. Kai ma da ka ce ba ka yi boko ba, gaskiya ka faɗa, ga shi kana ciyar da gidaje da yawa, har da nawa. Don haka in aka tambaye ni ko dole sai da babbar takarda mutum zai ci gaba, zan ce a'a, na ga waɗanda suka ci gaba ba ita.

Amma in aka tambaye ni ko karatun banza ne, nan ma zan ce a'a. A aji na san cewa funfunar nan da ke kama masara in an tara ta da danshi ba ƙazanta ce kawai ba, guba ce, tana kashe kaji, tana cin hantar mutum a hankali. A aji na san ƙwayar maganin ƙwari da muke jefawa a sito ba a kwana kusa da ita, shi ya sa na hana masu gadi shimfiɗa tabarma a ciki, ko da yake har yau suna jin haushina saboda can ya fi ɗumi. Bana kuma a gonata ta Tsiga ƙwaya ɗaya-ɗaya na shuka, da igiya da ma'auni. Na yi sammako na yi don kada maƙwabta su gani. Da masarar ta nuna su ne suka zo suna tambaya wane malami ya yi mini addu'a.

Saboda haka rigimata ba da makaranta ba ce, ba kuma da marasa makaranta ba. Rigimata da kai ce, ranka ya daɗe, cikin ladabi. Lokacin da ba ni da takarda ka ce takarda ce komai. Da na kawo takarda ka ce takarda ba komai ba ce. Na zauna na yi nazari irin na masu difiloma, na gano cewa sharaɗin hawa kujerar nan ba a kwaleji ake samunsa ba, a ɗakin Hajiya ake samunsa. Da tun farko ka ce mini, "Hamisu, sai ka zama ƙanen matata," da na san abin ya fi ƙarfina, na haƙura, san huɗar da na sayar yana nan a turkensa.

Kuma ka sani akwai yara a kamfanin nan da suke kallo. Akwai direban da ya fara tambayata yadda ake shiga karatun ƙarshen mako. Ranar da ya ga Nasiru a kujera ya daina tambaya. Wannan ya fi kujerar yi mini ciwo.

Yanzu ga roƙona.

Ɗaya, ka sake tara mu a gaban babban sito, a kira mai rake ma, ka faɗi doka guda wadda za ta zauna. In takarda ce, a ce takarda. In basira ce, a faɗi yadda ake auna ta, don mu ma mu kawo tamu a ɗora a sikeli. In dangantaka ce, a faɗa, ba abin kunya ba ne, sai kowa ya je ya binciki asalinsa.

Biyu, ban ce a tayar da Nasiru ba. Yaron ya saba da juyin nan, in aka sauke shi jiri zai ɗebe shi. Amma na ji ana maganar buɗe wurin saye a Ɗandume. Ba sai kujerar ta zama mai juyi ba. Ko ta roba ce, in dai an rubuta manaja a ƙofa, na karɓa.

Uku, in duk wannan ba zai yiwu ba, to a sa sunana a ƙasan rahoton da nake rubutawa, ko da ƙananan baƙaƙe ne.

Huɗu, ina roƙo a ba ni amsa kafin a fara sayen sabuwar masara. Dalili kuwa, wani kamfanin iri daga wajen Zariya ya ɗauki 'yata aiki, an ba ta kula da wannan yanki duka, da mota da direba. Suna neman mai sayen hatsi wanda ya san ƙauyuka kuma yake da difiloma. Ta aiko uwarta ta gaya mini cewa ƙofa a buɗe take, amma sai na zo an yi mini tambayoyi kamar kowa, kuma ita ce mai tambayar. Alhaji, ka dubi girman Allah. Na yi maka aiki da ƙuruciyata. Kada ka bari a kai ni nan.

Biyar, kuma wannan ko ka ba ni kujera ko ka hana ni, ina neman a ci gaba da sakar mini Asabar da Lahadi. Na sake sayen gurbi. Babbar difiloma zan yi. Hajara ta ce wa ya aike ni wannan karon, gaskiya kuwa ba kowa. Akwai wani darasi a kan cututtukan dawa da aka ce sai a mataki na gaba ake koyar da shi, ni kuwa tun ina yaro nake ganin wani baƙin abu yana cinye zangarniya a gonar mahaifina, ba wanda ya taɓa gaya mini mene ne. Ina so in sani kafin in mutu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya tsare sitonka daga gara da ɓera da danshi, ya tsare motocinka a hanya, ya sa a gama da duniya lafiya. Allah ya ba Hajiya haƙurin karanta wannan wasiƙa, ya kuma sa ta tuna ni ne nake kawo mata sabuwar gyaɗa duk shekara. Abin da na faɗa daidai, Allah ya sa ya shiga kunne. Inda na yi kuskure a yafe mini, ɗalibi ne ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Hamisu Masara, Tsiga,
mai sayen hatsi, mai difiloma, mai jiran amsa.